Rut kanal, yanke rabin jijiya ko ƙaramin rami: wanne ya dace da haƙorinka?

Akwai tambayar da nake sha kusan kullum a wajen aiki, yanzu ma ta fara biyo ni har a waya. Mutum zai ce likita an ce min sai an yi min rut kanal, amma na gani a intanet wai akwai sabon salo da ba a fafake haƙori sosai, wasu ma sun ce ba a kashe jijiyar gaba ɗaya, to wanne zan zaɓa? Wani kuma da ya ji kuɗin sai ya ce a cire kawai ya huta. Gaskiya abin yana damuna, don na ga haƙora da yawa da aka cire alhali da an cece su, na kuma ga waɗanda aka yi wa aikin zamani mai kyan hoto amma bayan wata shida mai shi ya dawo da kumburi.

Bari mu fara da yadda haƙorin yake, in ba haka ba maganar ba za ta shiga ba. Farin da kake gani a waje shi ne ɓawo, kuma babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya-rawaya da bai kai shi tauri ba, shi ne yawancin jikin haƙorin. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki da nama mai laushi a ciki, da jini da jijiyoyi, shi ne muke cewa jijiyar haƙori, daga ɗakin nan sai siraran hanyoyi su gangara cikin saiwoyi har ƙasa. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu. Idan ruɓa ta ci ta ci har ta isa ɗakin nan, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa ke nan, daga nan zogin dare yake farawa.

Rut kanal na asali, wanda aka saba, shi ne a buɗe haƙorin ta sama sosai yadda likita zai ga bakin kowace hanya kai tsaye, a kwashe jijiyar duka, a kankare hanyoyin da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura, a wanke da ruwan haifokulorait (dangin bilicin wanki ne amma an sirka shi daidai aikin), sannan a cike da gata-faca, wani irin danƙo da asalinsa daga itatuwan yankin Malesiya yake, a rufe. Kar wani ya raina wannan aikin wai don tsoho ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya bi haƙora sama da miliyan 1.4 da aka yi wa rut kanal, bayan shekara 8 kashi 97 cikin ɗari suna nan a baki. Duk wani sabon salo da zai zo, da wannan za a gwada shi.

To abin da ake kira sabon salo ɗin ba abu ɗaya ba ne, nan mutane suke rikicewa. Akwai barin jijiyar da rai, akwai rage girman ramin da ake shiga ta cikinsa, akwai kuma rage kankarar da ake yi wa saiwa daga ciki. Ba darajarsu ɗaya ba a wurina ko kaɗan. Na farkon shi ne babba, shi zan fi daɗewa a kai.

Barin jijiya da rai tushensa wani gwaji ne na 1965, Kakehashi da abokan aikinsa suka huda haƙoran ɓeraye har jijiya. Ɓerayen da aka yi renonsu a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya jijiyarsu ta warke da kanta har ta gina sabon bango, na gama-gari kuwa jijiyar ta mutu ta yi mugunya. Ma'ana ba hudawar ce ke kashe jijiya ba, ƙwayoyin cuta ne. In ka iya yanke inda ya lalace, ka tsaftace, ka toshe yadda yawu ba zai shiga ba, sauran naman zai iya rayuwa. Likitoci suna ce wa aikin falfotomi, ka riƙe sunan don ka iya tambaya. Wani lokaci milimita 2 zuwa 3 kawai ake yankewa daga saman jijiyar, salon da wani likitan haƙori mai suna Cvek ya bayyana a 1978 a kan haƙoran yara da suka karye, wani lokaci kuma a kwashe duk na cikin ɗakin a bar na cikin saiwoyi.

Da can da wani farin magani mai suna kalsiyam haidiroksaid ake rufe wurin, tun wajen 1920 ake amfani da shi, matsalarsa yana narkewa a hankali ya bar kafa. Abin da ya canza lissafin shi ne MTA, wani gari mai kama da siminti da Mahmoud Torabinejad ya samar a jami'ar Loma Linda ta Kalifoniya farkon shekarun 1990, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Yana daskarewa ko da akwai danshi, yana toshe wuri gam, kuma nama ba ya ƙyamarsa. Aibinsa biyu, yana ɗaukar awanni kafin ya daskare, sannan irin na farko yana sa haƙori ya yi duhu saboda sinadarin bismut da ke ciki, don haka a haƙorin gaba sai an yi hattara, ba wanda zai so ya yi murmushi da haƙori ruwan toka. Daga baya kamfanin Septodont na Faransa ya fito da Biodentine, shi wajen minti 12 yake daskarewa kuma bai cika canza launi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ni kaina, a makaranta an koya mana cewa in ciwo ya kai yana ta da mutum daga barci to jijiyar ta gama, sai rut kanal. Yanzu an gano ba kullum ba. A Iran an yi babban gwaji a cibiyoyi da yawa ƙarƙashin Asgary, aka kwatanta falfotomi da cikakken rut kanal a turamen manya masu irin wannan ciwon, sakamakon shekara 5 da aka buga a 2015 ya nuna nasarar ɓangarorin biyu kusan ɗaya ce. A Jodan kuma Nessrin Taha ta gwada yanke ɗan saman jijiya a 2017, waɗanda aka rufe da MTA kashi 85 sun yi nasara bayan shekara 2, na kalsiyam haidiroksaid kashi 43 kacal. Ka ga ke nan abin da aka rufe da shi ba ƙaramar magana ba ce. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai ta fitar da matsaya a 2019, ta Amurka ta biyo baya a 2021, duka sun karɓi barin jijiya da rai a matsayin magani na gaske ba na wucin gadi ba.

Akwai wata baiwar Allah mai shekara talatin da 'yan kai da ta zo min da turmin ƙasa na dama, kwana huɗu ba barci, ta sa kanumfari har dasashin ya saɓule ya yi fari. Na ɗiga mata sanyi a haƙorin ta zabura ta riƙe hannun kujera, zafin bai sake ta ba sai da ya yi kusan minti ɗaya. Hoto ya nuna ƙasan saiwa lafiya lau ba wani duhu. Na ce mata Hajiya zan buɗe, amma ba zan yi miki alkawarin wane aiki zan yi ba sai na ga jinin. Bayan allura na sa roba-dam (shimfiɗar robar da ke ware haƙori daga yawu) na share ruɓar na yanke naman cikin ɗakin, jini ya fito ja wur, na danna auduga mai ruwan wankin nan a kai ina kallon agogo, minti uku na ɗaga, bakin hanyoyi uku sun tsaya tsaf, jajaye, ba ɗigo. Nan take na rufe na yi mata ciko na dindindin a zama ɗaya. Da jinin ya ƙi tsayawa bayan minti biyar zuwa goma, ko ya fito baƙi-baƙi, ko na tarar wata hanya a bushe tana wari, to da rut kanal za mu wuce kai tsaye, kuma na faɗa mata haka tun kafin mu fara.

Wannan shi ne abin da nake so mutane su gane, zaɓin nan ba kamar zaɓen atamfa ba ne da za ka nuna wadda ta yi maka. Halin da jijiyar take ciki shi ke yanke hukunci. In sanyi ko zaƙi ne ke sa ka ji tsam na 'yan daƙiƙu ya wuce, jijiyar tana da sauran ƙarfi sosai, sau da yawa ma ba sai an taɓa ta ba, a share ruɓar a hankali a bar ɗan siririn sashe a kanta a yi ciko mai kyau. In zafin yana daɗewa bayan sanyi, yana zuwa haka kawai, yana tsananta in ka kwanta, nan ne falfotomi da rut kanal suke takara kuma ya kamata ka tambayi likita ko za a gwada na farkon. Amma in haƙorin ya daina jin sanyi kwata-kwata, taunawa ce ke zafi, ko wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana fitar da mugunya yana komawa, jijiyar ta riga ta mutu, babu abin da za a bari da rai, duk wanda ya ce zai yi maka falfotomi a nan ɓata maka kuɗi zai yi. Kuma don Allah in kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ga zazzaɓi, haɗiyar yawu na wahala, wannan ba maganar zaɓi ba ce, asibiti za a tafi a ranar ko da tsakar dare ne.

Inda ba na ma yin shawara da kaina shi ne yara. Turmin farko na dindindin yana fitowa wajen shekara 6, iyaye da yawa suna ɗauka haƙorin nono ne zai faɗi, saiwarsa kuma ba ta gama rufewa sai wajen shekara 9 zuwa 10. Yaro ɗan shekara 8 in aka kashe masa jijiya saiwar ta tsaya ke nan, gajera, bangonta siriri kamar ɓawon ƙwai, bakinta a buɗe. In aka bar jijiyar da rai saiwar za ta ci gaba da girma har ta rufe. Haka yaron da ya faɗi a keke haƙorin gaba ya karye ana hango ɗan jan nama, a kawo shi da wuri, wannan shi ne ainihin irin haƙoran da Cvek ya yi aiki a kansu.

Falfotomi ma yana da nasa aibin, ba zan ɓoye ba. Zai iya gazawa bayan watanni, ka dawo a yi rut kanal ɗin da aka guje wa, ka biya sau biyu. Wani lokaci hanyoyin saiwa suna tsukewa da shekaru saboda jijiyar tana ta gina bango, in aka zo yin rut kanal daga baya sai ya yi wuya. Yana buƙatar ka dawo a duba da hoto bayan wata shida da kuma shekara, kuma mu dai mun san halinmu, da zarar ciwo ya tafi shi ke nan an manta hanyar asibiti. Sannan tarihin da aka tara a kansa a manya bai kai na rut kanal tsawo ba. Amfaninsa kuwa, yawanci zama ɗaya ne, ba a taɓa cikin saiwa balle ƙarfe ya karye a ciki, haƙorin yana nan da ransa yana jin abin da ke faruwa da shi, kuma in ya gaza ƙofar rut kanal tana nan a buɗe. Rut kanal in ya gaza abin da ya rage sai sake aikin, ko tiyatar ƙasan saiwa, ko cirewa.

Sai maganar ƙaramin rami, wanda shi ne ya fi yawo a hotuna. Clark da Khademi ne suka tayar da maganar a 2010, hujjarsu kuma mai ƙarfi ce, suka ce sashen haƙori da ke wajen wuyansa, kamar milimita 4 sama da ƙashi da 4 ƙasa da shi, shi ke ɗauke da nauyin tauna, in aka cinye shi wajen buɗe hanya ba wani ciko da zai maye gurbinsa. Daga nan aka samu masu matsakaicin rami, aka samu masu ɗan mitsitsin rami da ake kira ninja, da masu huda biyu su bar gada a tsakiya. A hoto abin sha'awa ne wallahi. Amma yawancin binciken da aka yi a kai a kan haƙoran da aka riga aka cire ne, ana danna su da inji har su fashe, kuma sakamakon ya saɓa wa juna, wasu sun ga ƙarin ƙarfi wasu ba su ga komai ba. Wani da aka yi a Italiya a 2017 ya ga matsakaicin rami ya fi babba ƙarfi, amma ninja bai ƙara komai a kan matsakaicin ba.

Akwai kuma tsohon binciken Reeh na 1989 da nake yawan tunawa, ya nuna matakan rut kanal kansu kashi 5 kawai suka rage wa haƙori na ƙarfi, amma ramin da ya cinye gefe biyu na haƙorin, gaba da baya, ya rage kashi 63. Wato abin da ke raunana haƙori shi ne rasa bangayen gefe, kuma mafi yawan masu zuwa wurinmu ruɓa ta riga ta cinye bangon kafin su zo. Haƙorin da rabinsa ya tafi, maganar ninja a kansa ba ta ma taso ba, ta inda ruɓar ta buɗe ta nan ake shiga.

Haɗarin ƙaramin rami a fili yake, abin da ba ka gani ba ba za ka wanke ba. Turmin sama na farko a fiye da rabin mutane yana da hanya ta huɗu a ɓoye cikin saiwar gaba ta wajen kunci, ko da babban rami ma ana kuskure ta, balle ta ɗan huji. Hanyar da aka bari da ruɓaɓɓen nama ita ce za ta dawo da kai da ciwo. Sannan ƙarfen kankara in ya shiga a lanƙwashe ya fi saurin karyewa. Masu yin wannan salon da kyau suna aiki ne da babban madubin tiyata mai ƙara girma da haske, da hoton CBCT mai nuna haƙori ta kowane ɓangare, da na'urar girgiza ruwan wanki. A wajenmu ba kowane asibiti ke da waɗannan ba. Don haka ra'ayina, in likitanka yana da madubin kuma ya saba, matsakaicin rami abu ne mai kyau, karɓi. In babu, bar shi ya buɗe yadda zai gani, bai cuce ka ba. Ninja kuwa ni ban ga abin da yake ƙara wa majiyyaci ba.

Rage kankarar cikin saiwa ba sai na ja ta ba don ba kai ne za ka zaɓa ba. Tun 1988 aka fara ƙera ƙarafan da haɗin nikel da taitaniyam masu lanƙwasa su bi saiwa yadda take, sababbin kuma sun fi siranta suna barin bango da kauri. Abu ne mai kyau muddin ruwan wanki yana isa ƙasa.

Cirewa fa? Tana da wurinta, haƙorin da ya tsage har saiwa, ko ya ruɓe ya nutse ƙarƙashin dasashi, ko yake girgiɗi saboda ƙashi ya zaizaye, ba a wahalar da mai shi. Ita ce mafi araha a ranar. Amma giɓin turmi ba ya zama haka nan, na kusa da shi yana kwantowa, na sama yana zazzagowa, ka koma tauna da gefe ɗaya, kuma dasa wani ya fi rut kanal tsada nesa ba kusa ba.

In ka zauna a kujerar, tambayoyin da zan so ka yi ba su da yawa. Ka tambaya jijiyar tana da rai ko ta mutu, kuma da me aka gane, ya kamata a ce an gwada sanyi an ƙwanƙwasa an ɗauki hoto, ba leƙawa kawai ba. In tana da rai ka tambaya ko za a iya falfotomi kuma da me za a rufe, in ka ji MTA ko Biodentine ko danginsu to madalla. Ka tambayi kuɗin duka biyun tun farko, har da abin da zai faru in an buɗe jini ya ƙi tsayawa, don kayan nan daga waje ake shigo da su kuma ba lallai falfotomi ya yi arhar da kake zato ba. Ka tambaya za a sa roba-dam, wannan shimfiɗar robar da ake ware haƙori da ita daga yawu, tun 1864 aka ƙirƙiro ta a New York ba sabon abu ba ne, kuma in babu ita duk maganar ɓerayen can ta rushe don yawu cike yake da ƙwayoyin cuta. In inda kake babu mai yin aikin, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Maiduguri suna da sashen gyaran haƙori, ka nemi a tura ka.

Sai murfi, wanda mutane suka fi sakaci da shi. Turmin da aka yi wa rut kanal yana buƙatar hula ko wani rufi da zai kama samansa duka. Binciken Aquilino da Caplan na 2002 ya nuna waɗanda ba a sa wa hula ba ana rasa su ninki 6 a kan waɗanda aka sa wa, a wancan babban binciken na 2004 ma kashi 85 na haƙoran da aka ƙare da cirewa ba su da cikakken rufi. Na sha ganin mutum ya biya rut kanal mai kyau, aka sa masa ciko na wucin gadi aka ce ya dawo bayan sati biyu, sai bayan shekara ya dawo da haƙorin a rabe biyu, wai ƙashin nama ya tauna ranar Sallah. Don haka in za ka yi lissafin rut kanal na turmi ka haɗa da kuɗin hular tun ranar farko, in kuma falfotomi ne ka roƙi a yi cikon dindindin a zaman nan ko cikin 'yan kwanaki, ka kuma sa ranar dawowa ta wata shida a wayarka kafin ka fita daga ɗakin.